Isar da Saƙo Yadda Yake: Darasi Daga Ma'abota Rediyon Sha'awa a Lokacin Bala'i

Gabatarwa

Kogin Kaduna ya raba birnin Kaduna gida biyu. A kudancinsa ake samun Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi, har zuwa Gonin Gora. A wannan ɓangare ne tsohuwar mahaɗar jiragen ƙasa take, da masaƙun da aka soma kafawa tun 1957, da kuma matatar mai. Amma Gidan Gwamnati da majalisar dokoki da manyan asibitoci irin su Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 duk suna tsallaken arewa, kuma gadoji 'yan kaɗan ne suka haɗa ɓangarorin biyu. Saboda haka duk ranar da kogin ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2003 da 2012, mutanen bakin ruwa na buƙatar labarinsu ya ƙetare kogi da sauri, ya kuma isa ga masu agaji ba tare da ya canja kama ba.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, jama'a suka saba da ɗaukar cewa isar da saƙo abu ne mai sauƙi. Sai dai wayar ta dogara ne ga turakun sadarwa, su kuma turakun sun dogara ga lantarki da man janareta, kuma layuka kan cushe idan dubban mutane suka nemi kira a lokaci guda. Ban da haka, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda dalilan tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara tun farkon Satumbar, har mutane da yawa suka koma ga aiken baki da ba direbobi wasiƙa.

Wannan maƙala za ta duba hanyar da ma'abota rediyon sha'awa suka tsara domin ɗaukar saƙo daga hannu zuwa hannu a irin wannan hali. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne ƙa'idojin riƙon saƙon kansa, domin na'ura komai kyanta murya kawai take ɗauka, mutane ne ke kiyaye ma'ana ko su ɓata ta.

Su Wane ne Ma'abota Rediyon Sha'awa?

Waɗannan mutane ne da suka koyi fasahar rediyo don sha'awa da neman ilmi, suka ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira. Kowace ƙasa tana da harufan da lambobin kiranta ke farawa da su: na Nijeriya 5N, na Jamhuriyar Nijar kuwa 5U. Suna da ƙungiya a Nijeriya mai suna NARS, wadda take cikin tarayyarsu ta duniya, wato IARU, da aka kafa a birnin Paris a 1925. Dokokin Hukumar Sadarwa ta Duniya sun hana su yin kasuwanci a kan iska, sun kuma hana su ɓoye ma'anar zancensu da kalmomin sirri.

Na'urorinsu iri biyu ne a taƙaice. Akwai ƙananan na hannu, irin waɗanda ake kira oba-oba, masu aiki a tsakanin megahas 144 zuwa 146, waɗanda kan isa daga wannan unguwa zuwa waccan idan babu tsauni ko dogon gini a tsakani. Akwai kuma na gajeren zango, waɗanda igiyarsu kan tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Da batirin mota da eriyar waya da aka ɗaura tsakanin bishiyoyi biyu, ana iya magana daga Kaduna zuwa Kano ko Maraɗi ba tare da turke ko ɗaya ba. A yankin da Afirka take ciki an ware wasu wurare, kamar megahas 3.760 da 7.110 da 14.300, a matsayin mahaɗa idan bala'i ya auku.

Tarihi ya nuna amfaninsu. Lokacin girgizar ƙasar birnin Meziko ta 1985, ta hannunsu labarin dangi da yawa ya fita zuwa ƙasashen waje. A ranar 26 ga Disamba 2004, igiyar tsunami ta sami wata tawagar ma'abota rediyo 'yan Indiya, ƙarƙashin jagorancin Bharathi Prasad, a tsibiran Andaman, nan take suka mayar da tasharsu ta agaji. A 2017 kuma, bayan guguwar Maria ta rusa hanyoyin sadarwar tsibirin Puerto Rico, ma'abota 22 suka tafi daga Amurka bisa roƙon ƙungiyar Red Cross.

Ma'abota wannan fasaha ba su da yawa a ƙasar Hausa. Duk da haka ƙa'idojin da suka tsara sun shafi duk wanda ya riƙe oba-oba ko waya a ranar tashin hankali: 'yan agajin masallatai, da 'yan Boys' Brigade na majami'u, da 'yan sikawut, da ma'aikatan Red Cross, da masu gadin unguwa.

Yadda Saƙo Ke Lalacewa a Baki

A 1947 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, suka wallafa sakamakon wani gwaji game da jita-jita. Sukan nuna wa mutum guda hoto, ya bayyana wa na biyu abin da ya gani, na biyu ya gaya wa na uku, haka har a kai ga na shida ko na bakwai. Sun tarar cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na bayanan kan zube kafin labari ya wuce baki biyar ko shida. Sun kuma lura da hanyoyi uku da labarin ke sauyawa. Na farko, yakan gajarce, ƙananan bayanai su faɗi. Na biyu, ɗan abin da ya rage yakan kumbura ya fi girmansa na asali. Na uku, mai ba da labari yakan tanƙwara shi, ba da saninsa ba, ya dace da abin da ya riga ya yarda da shi ko yake tsoro.

Abin lura shi ne, waɗanda aka yi gwajin da su ba maƙaryata ba ne, kuma suna zaune ne cikin kwanciyar hankali. Wanda yake tsaye cikin ruwa har gwiwa da tsakar dare ya fi su fuskantar kuskure, domin tsoro na sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, harshe ya yi sauri, hankali kuma ya tattaru a kan abu guda ya bar saura. Da haka ne “mutum uku sun ɓata” kan zama “mutum uku sun mutu” a baki na biyu, ya zama “mutane da yawa sun mutu” a baki na uku. Mazauna Kaduna da suka ga rikice-rikicen 2000 da 2002 sun san irin ɓarnar da labarin da ba a tantance ba yake yi idan ya ƙetare gada. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka saki a iska ta fi kowace wuyar janyewa.

Darasi Daga Ƙwayar Halitta

Matsalar kwafar saƙo ba tare da kuskure ba ta girmi rediyo nesa ba kusa ba, domin jikin kowane mai rai yana fama da ita kullum. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi dukkan bayanan gadon da ke cikinta, wato DNA, wanda a jikin mutum ya ƙunshi harufa kimanin biliyan 3 daga uwa da wasu kamarsu daga uba, an rubuta su da baƙaƙe huɗu kacal. Sinadarin da ke wannan kwafa yakan yi kuskure kusan sau ɗaya a cikin harufa dubu ɗari. Da a haka aka bar abin, da rayuwa ba ta ɗore ba. Amma sinadarin yakan waiwaya ya duba harafin da ya ajiye, idan bai dace ba ya cire shi ya sa daidai. Bayan ya wuce kuma wasu sinadaran sukan bi sawunsa suna gwada sabon kwafi da na asali. Da waɗannan matakai kuskure kan ragu zuwa kusan ɗaya a cikin biliyan.

Muhimmancin harafi guda ya bayyana a ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, wanda kuma Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Asalinsa sauyin harafi ɗaya ne tak a cikin bayanin da ke gina sinadarin jan jini. Wannan sauyi kaɗai ya isa ya lanƙwasa ƙwayoyin jini su zama kamar lauje.

Darasin a nan guda uku ne: a kwafa daga rubutaccen asali, a duba yayin da ake kwafa, a kuma sake gwadawa bayan an gama. Waɗannan su ne ginshiƙan tsarin da ma'abota rediyo ke bi.

Takardar Saƙo da Sassanta

Ƙungiyar ma'abota rediyo ta Amurka, ARRL, an kafa ta a 1914 musamman domin miƙa saƙo daga tasha zuwa tasha, a 1949 kuma ta tsara hanyar da ta haɗa ƙasar baki ɗaya. Takardar saƙonta ta gaji fasalin tangarahu, kuma ƙasashe da dama sun yi koyi da ita. Sharaɗinta na farko shi ne a rubuta saƙo kafin a taɓa na'ura. Takardar tana da sassa huɗu.

Sashe na farko shi ne goshi. A nan ake sa lambar saƙo, da darajarsa, da lambar kiran tashar da ta fara aika shi, da adadin kalmominsa, da wurin da ya fito, da lokaci da kwanan wata. Lambar tana ba da damar bin sawun saƙo idan ya ɓata. Lokaci kuwa yana da muhimmanci ƙwarai, domin saƙonni ba sa isa bisa jerin da aka aika su. Idan saƙo ya ce ruwa na ƙaruwa, wani kuma ya ce ruwa na janyewa, lokacin da ke goshin kowannensu ne kaɗai zai nuna wanne ne sabo. Ana rubuta shi da lissafin awa 24, kamar 0700 ko 1900, saboda “ƙarfe bakwai” na iya zama na safe ko na yamma.

Sashe na biyu shi ne adireshi, wato cikakken sunan wanda za a kai wa ko muƙaminsa, da inda za a same shi. Na uku shi ne gundarin saƙo, wanda ake so kada ya wuce kalmomi 25, a jera su biyar-biyar a kowane layi domin sauƙin ƙirga. Ba a sa aya ko waƙafi. Inda jimla ta ƙare sai a rubuta harafin X, shi ma a ƙirga shi a matsayin kalma. Na huɗu shi ne sa hannu, wato sunan mai saƙo da muƙaminsa, domin mai karɓa ya san ko wanda ya nemi abu yana da ikon nemansa.

Ga misali na gwaji. A ɗauka cewa shugaban wani sansanin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu yana son aika wa jami'in agaji a tsallaken kogi wannan saƙo:

RUWA YA SHIGA GIDAJE A
NASARAWA KADUNA X MUTUM 46
SUNA MAKARANTAR FIRAMARE X KADA
MOTA TA BI BAKIN KOGI
X AIKO KWALEKWALE 2 YANZU

Layi biyar, kalma biyar-biyar, adadi ya zama 25, kuma wannan lamba ce za a rubuta a goshi. To, a ce ƙarar tsawa ta haɗiye kalmar KADA. Abin da mai karɓa zai rubuta shi ne “mota ta bi bakin kogi”, jimla cikakkiya mai ma'ana, wadda babu abin da zai sa ya yi shakkarta, alhali kishiyar abin da aka nufa ce. Amma idan ya ƙirga zai sami 24, goshi kuwa ya ce 25. Ba zai amsa cewa ya karɓa ba sai an gano kalmar da ta faɗi. Wannan ɗan lissafi shi ne ke yin aikin da sinadarai masu bin sawu ke yi a cikin ƙwayar halitta.

Mai na'ura yana da damar ba mai saƙo shawara kafin a aika. Alal misali, zai iya nuna masa cewa “an rufe hanyar bakin kogi” ya fi aminci, tun da ma'anarsa ba ta rataya a kan kalma guda ba. Amma da zarar mai saƙo ya sa hannu, babu wanda ke da ikon sauya ko da harafi ɗaya a hanya, ko da yana ganin kuskure ne. Idan yana da shakka, sai ya aika saƙon yadda yake, ya haɗa da nasa bayanin daban. Wanda yake tsakiyar hanya bai san abin da mai aikawa da mai karɓa suka sani ba. Abin da ya ɗauka kuskure ne yana iya zama sunan magani ko laƙabin wani wuri.

Darajar Saƙo

Zango ɗaya murya ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka tilas a san saƙon da zai riga wani. An kasa saƙonni kashi huɗu. Na gaggawa shi ne wanda rai ya rataya a kansa, kamar neman kwalekwale ga mutanen da ke kan rufin ɗaki, ko neman jini ga mai naƙuda. Na fifiko shi ne muhimmin saƙo mai ƙayyadadden lokaci wanda bai kai na farko ba, kamar neman abinci da barguna ga sansani. Na sanin lafiya shi ne wanda ke tambayar halin da wani yake ciki ko yake sanar da dangi cewa ana lafiya. Na yau da kullum kuwa shi ne duk abin da ya rage.

Hatsarin jirgin ruwan Titanic a daren 14 ga Afrilu 1912 ya nuna abin da rashin wannan tsari ke jawowa. Da misalin ƙarfe tara da minti arba'in na dare, wani jirgi mai suna Mesaba ya aiko da gargaɗin cewa akwai manyan ƙanƙara a kan hanyar. Ma'aikacin rediyon Titanic yana fama da tarin saƙonnin gaisuwa da na kasuwanci na fasinjoji, gargaɗin kuma bai zo da alamar da ke wajabta kai shi hannun kyaftin ba. Ya karɓa, amma saƙon bai kai ga masu tuƙi ba. Bayan kimanin awa biyu jirgin ya yi karo, mutane fiye da 1,500 suka halaka.

Akwai kuskure na ɗaya gefen kuma, wato kowa ya kira saƙonsa na gaggawa. A wurin uwar da ba ta ga ɗanta ba, babu saƙon da ya kai nata. Aikin mai na'ura ne ya saurare ta da tausayi, ya rubuta saƙonta, ya kuma ba shi darajar da ta dace da shi, domin idan komai ya zama na gaggawa, mai neman jini zai shiga layi ɗaya da mai neman bargo.

Karanta Saƙo a Iska

Baki ya ninka alƙalami sauri sau da yawa. Saboda haka mai aikawa yakan karanta kalmomi kaɗan-kaɗan, ya ɗan dakata, kamar malamin da ke yi wa ɗalibai shifta. Wata dabara ita ce ya riƙa bin kalmomin da alƙalaminsa kamar yana sake rubuta su yayin da yake faɗa. Saƙon da aka karanta a hankali sau ɗaya ya fi saurin isa a kan wanda aka karanta da gaggawa sau uku.

Harshen Hausa yana da wuraren tuntuɓe nasa na kansa, waɗanda littattafan da aka rubuta don masu Turanci ba su ambata ba.

Na farko, korewa a Hausa takan zo a farkon jimla: “kada a tafi”, “ba a samu ba”. Na'urar hannu kuwa takan yanke gaɓar farko idan mutum ya soma magana a daidai lokacin da ya danna maɓalli. Maganin wannan shi ne a danna, a jira kamar daƙiƙa ɗaya, sa'an nan a yi magana.

Na biyu, wasu lambobi suna kama da juna a cikin hayaniya: biyu da biyar, bakwai da takwas, saba'in da tamanin da casa'in. Don haka sai a ce “lamba”, sa'an nan a faɗi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Maimakon “arba'in da shida” sai a ce “lamba, huɗu, shida”.

Na uku, karin sauti da tsawon wasali suna bambanta kalmomin da rubutu bai bambanta ba. Gada ta kan kogi dabam take da gada ta daji, gari na mutane dabam da gari na tuwo. Haka kuma ƙ da k, ko ɗ da d, sukan narke su zama ɗaya a cikin ƙarar rediyo, har baƙi su koma baki. Idan akwai shakka, mai saƙo ya ƙara kalmar da za ta fayyace, kamar “garin masara”.

Na huɗu, sunayen wurare. A Kaduna akwai Unguwar Rimi a arewacin kogi, akwai Unguwar Romi a kudancinsa, wasali ɗaya ne ya raba su, amma motar asibitin da ta nufi ɗaya maimakon ɗaya ta yi asarar lokacin da ba zai dawo ba. Akwai Kabala fiye da ɗaya a cikin birnin. Akwai Nasarawa a Kaduna da Kano, ga kuma jiha sukutum mai wannan suna. Tudun Wada kuwa akwai ta a Kaduna da Zariya da Kano. Irin waɗannan sunaye ana faɗarsu, sa'an nan a ce “zan jera harufa”, a bi su ɗaya-ɗaya da kalmomin da duniya ta amince da su tun 1956 a harkar jiragen sama. Romi zai zama Romeo, Oscar, Mike, India. Rimi kuwa Romeo, India, Mike, India. Wajibi ne mai koyo ya haddace waɗannan kalmomi 26, domin idan kowa ya ƙirƙiro nasa, ruɗani zai ƙaru. Harufa masu ƙugiya ba su cikin jerin, don haka sai a ce “Kilo mai ƙugiya” ko “Delta mai ƙugiya”.

Mai karɓa shi ma yana da nasa aikin. Idan wata kalma ta kuɓuce masa, ba ya cike gurbin da zato. Yakan ce “maimaita kalmar da ke bayan firamare”, ko “maimaita duk abin da ke gaban kogi”, ba sai an sake karanta saƙon duka ba. Idan saƙo ya ƙunshi adadin magani ko na mutane, yana da kyau ya karanta wa mai aikawa abin da ya rubuta. Kalmar “na karɓa” alkawari ce: ma'anarta saƙon yana rubuce a gabansa cikakke, adadi ya yi daidai, kuma nauyinsa ya koma wuyansa.

Madugu da Ladabin Zango

Idan tashoshi da yawa suka taru a zango guda, sai a naɗa ɗaya ta ja ragama, kamar yadda ayarin fatake ke da madugu. Kowace tasha takan sanar da madugu lambar kiranta, da inda take, da yawan saƙonnin da take riƙe da su da darajarsu. Shi ne ke ba da izinin magana, yana farawa da na gaggawa. Wanda ba shi da saƙo aikinsa sauraro ne, kuma shirunsa taimako ne.

Dalilin wannan tsari na kimiyya ne. Idan tashoshi biyu suka yi magana a lokaci guda, mai sauraro yakan ji ƙara kawai ko ya ji mafi ƙarfi, su kuwa masu maganar ba su san an yi karo ba, domin na'urar da ke aikawa ba ta ji. A ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Daga cikin dalilan da bincike ya gano akwai kalmomi masu harshen damo tsakanin matuƙi da hasumiya, da kuma muryoyi biyu da suka haɗu a daidai lokacin da ake faɗar gargaɗin da zai iya hana hatsarin. Bayan wannan ne aka ƙara tsaurara ƙa'idar kalmomin da matuƙa ke amfani da su.

Amanar Saƙo

Aiki bai ƙare ba sai saƙo ya shiga hannun mai shi. Tashar ƙarshe takan kai takardar da ƙafa ko keke ko babur, ta rubuta lokacin da aka miƙa da wanda ya karɓa. Idan ba a sami mutumin ba, sai a mayar wa tashar farko da bayani, kada mai saƙo ya zauna yana jiran kwalekwalen da babu wanda ya ji an nema. Kowace tasha tana riƙe da littafin da take shigar da duk saƙon da ya shigo ko ya fita: daga wa, zuwa ga wa, da ƙarfe nawa. Wannan ya yi kama da isnadi a wurin malaman hadisi, inda sanin wanda ya karɓa daga wa yake ba da damar gane inda rauni ya shiga.

Ya kamata kuma a tuna cewa duk mai rediyo yana iya jin abin da aka faɗa. Don haka ba a ambatar sunayen waɗanda suka rasu a iska. Wannan labari ne da hukuma ko dattawan dangi ke kaiwa cikin natsuwa. Ba a faɗar inda aka ajiye kuɗi ko kayan agaji ba tare da larura ba. Mai na'ura ya rarrabe tsakanin abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, ya kuma faɗi wanda ya gaya masa. Gani ya kori ji. Daga ƙarshe, shi mataimaki ne ga hukumomin da doka ta ɗora wa aikin, irin su NEMA da aka kafa a 1999 da takwararta ta jiha, kuma ba ya aiki sai da lasisi da sanin jami'an tsaro.

Kammalawa

An ga yadda saƙon baki ke zubewa, yana kumbura, yana kuma tanƙwara, da yadda ƙwayar halitta ke kare nata saƙon ta hanyar dubawa da sake dubawa. An kuma ga matakan da ma'abota rediyo suka tsara: a rubuta, a ƙirga, a ba da daraja, a karanta a hankali, a tabbatar, a shigar a littafi, a kai hannu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar na'ura mai tsada. Takarda da fensir da horo sun wadatar. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, sun nuna cewa ruwa ba ya ba da dogon wa'adi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin agaji na Kakuri da Nasarawa da Barnawa, na masallaci da na majami'a, za su amfana idan suka yi wannan horo tare tun da rani, domin ranar da kogi ya cika, takarda iri ɗaya za su miƙa wa juna.

Aikin Gwaji

1. A jera ɗalibai shida nesa da juna. A raɗa wa na farko saƙon da ke cikin wannan maƙala, ya wuce daga baki zuwa baki ba tare da rubutu ba. A gwada abin da na shida ya faɗa da na asali, a ƙirga bayanan da suka zube da waɗanda suka sauya.

2. A sake gwajin da sabon saƙo, amma kowa ya rubuta, ya ƙirga kalmomi, ya nemi maimaici inda ya yi shakka. A auna lokacin da kowane gwaji ya ci da yawan kurakuransa.

3. Kowane ɗalibi ya rubuta saƙon da bai wuce kalmomi 25 ba, yana neman ruwan sha ga mutum 78 a wata unguwa da ya sani, ya cika goshinsa, ya kuma bayyana dalilin darajar da ya ba shi.

4. A tattara sunayen unguwanni da ƙauyukan yankin da ɗalibai suka fito waɗanda ke kama da juna a kunne, a jera harufan kowanne da kalmomin duniya.